A duba yadda aka ajiye ƙ, ɗ da ɓ kafin a sabunta tsohuwar manhaja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin masu kula da shafukan Hausa na intanet kan ɓarnar da ke biyo bayan sabunta tsohuwar manhaja, inda mai karatu zai tarar "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibi" kuma "É—alibi".

Kafin sigar 8.0, MySQL, wato manhajar rumbun adana bayanai, da tsarin ajiye haruffa na latin1 yake zuwa, mai ware wa kowane harafi bayit (ma'aunin bayanai a kwamfuta) ɗaya, kuma haruffanmu masu ƙugiya ba sa cikinsa. A UTF-8 kuwa, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu, ƙ bayit biyu ce, C6 da 99. Tsofaffin shafuka da yawa da aka gina da harshen manhaja na PHP sun yi ta zuba rubutun UTF-8 cikin teburin latin1, asiri a rufe, tunda yadda bayit ɗin suka shiga haka suke fitowa. Da an mai da haɗin shafin da rumbun zuwa utf8mb4, wato cikakken UTF-8 na MySQL, sai rumbun ya karanta C6 a matsayin Æ, 99 kuma ™.

Abin da ya fi damun mu shi ne gaggawar buga umarnin CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4. Wannan tabbatar da ɓarnar yake yi, ƙ ɗaya ta zama bayit biyar.

A fara da ɗaukar kwafin rumbun, a yi gwaji a kansa. A duba wasu layuka da HEX(), mai nuna bayit ɗin da aka ajiye. In "ƙasa" ta fito C699617361, rubutun lafiyarsa lau, laƙabin teburin ne ba daidai ba. Sai a mai da gurbin TEXT zuwa BLOB, VARCHAR zuwa VARBINARY, wato daga guraben rubutu zuwa masu ajiye bayit zalla, sannan a dawo da su da utf8mb4, ba tare da an taɓa bayit ko ɗaya ba. In kuwa 3F aka gani a mazaunin ƙ, alamar tambaya ce aka ajiye, harafin ya salwanta, sai an koma ga rubutun asali.

Shafukan Nijar masu haɗa Hausa da Faransanci su yi hattara: é da aka ajiye da E9 latin1 ce ta gaskiya, kuma UTF-8 ba ya karɓar ta haka. A ware irin waɗannan layuka, a juya su daban.

Saura lambar manhajar kanta. A sa mysqli_set_charset, mai saita tsarin haruffan haɗin PHP da rumbun, ya faɗi utf8mb4. A sani strlen bayit yake ƙirgawa, 5 zai ba "ƙasa", kuma substr, mai yanko sashen rubutu, kan datse ƙ gida biyu wajen gajarta kanun labari. Mb_strlen da mb_substr ne suka dace. Mai gyara da Python kuma ya lura da babban Ɓ: bayit ɗinsa na biyu 81 ne, wanda cp1252, takwaran latin1 ɗin MySQL a Python, ba shi da harafi a kansa, don haka in an karanta rubutun da cp1252, nan shirin zai tsaya da kuskure.

Wassalam.

Daga wasu masu rubuta manhaja, Kano