Wasan lido na neman raba ni da aminina

Assalamu alaikum Malama. Allah ya saka miki da alheri bisa yadda kike sauraron damuwar jama'a.

Shekarata 71. Tun da na yi ritaya, mu huɗu muke haɗuwa da yamma mu buga lido, ƙaraminmu mai shekara 66 ne. Ba ma sa kuɗi. Rabin daɗin zaman tsokana ce. Wanda ya manta shi ke da jifa, a ce tsufa ya fara taɓa masa kai. Wanda ya daɗe bai iya miƙewa ba, a ce a kira makanike ya duba masa gwiwa. Ba zan ɓoye miki ba, ni ne kan gaba a wannan barkwanci.

Tun bara na fara rikita kore da shuɗi. Likita ya ce yanar ido ce ta soma. Ya yi mini bayani cewa in shekaru sun ja, madubin cikin ido yakan dishe ya yi rawaya-rawaya, sai launukan nan biyu su yi ta kama da juna, musamman in haske ya ragu. Ban gaya wa ko ɗaya cikinsu ba.

Makon jiya na jefa siki, maimakon nawa sai na ɗauki ɗan lidon aminina na tura masa taku shida. Aka kwashe da dariya. Ya ce, "Ka ga alherin tsufa, yau har aiki kake yi mini kyauta!" Da zagaye ya dawo, da wannan ɗan ya cinye nawa da ke bakin gida. Malama, ban san lokacin da na ce masa macuci na kife allon ba. Mutumin da muka shekara 40 tare! Bai tanka ba. Ya durƙusa da ciwon gwiwarsa yana tsince 'ya'yan lidon ɗaya bayan ɗaya. Wannan durƙuson ne ke hana ni barci.

Ina saurayi a cinye ni sau goma, in tashi ina dariya. Yanzu kuwa kowace faɗuwa ji nake kamar shaida ce cewa tawa ta ƙare, ƙirjina har bugawa yake yi.

Haƙuri dole in ba shi, wannan na sani. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bayan nan. In na faɗa musu zancen idon, ina tsoron su koma tausayina suna bar mini ci, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. In ce a daina tsokanar tsufa, da wane baki, ni da na fara? In daina zuwa, ba ni da wani wurin hira sai nan.

Sau biyu yana aiko jikansa ya tambayi lafiyata, na rasa abin da zan ce wa yaron. Don Allah ki ba ni shawara.

Naki,
Wani dattijo mai bibiyar shirinki