Banjo ɗaya zai ɗauki jazz da kiɗan Ailan? Ga amsata

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko banjo, abin kaɗawa mai kama da garaya, mai tsirkiya huɗu, wanda ake kira tenor, zai yi maka jazz irin na New Orleans, ya kuma yi kiɗan rawa na Ailan. Zai yi, amma ba da tsirkiyoyi iri ɗaya ba. Nan ne masu koyo ke lalata kayansu.

Tun shekarun 1920 masu jazz ke ɗaure shi a C-G-D-A, wato sautukan tsirkiyoyin huɗu daga mai kauri zuwa siririya. 'Yan Ailan kuwa sun fi son G-D-A-E, mai zurfin murya, ɗaurin da Barney McKenna na ƙungiyar The Dubliners ya yaɗa a shekarun 1960. Kaurin tsirkiyar C wajen inci 0.030 ne, G ta Ailan kuma takan kai 0.044. In ka sassauta siraran, sai su yi lakwas suna dukan ƙarafan wuya. In ka ja masu kaurin sama, ko su tsinke ko wuyan ya lanƙwashe. Sauya su duka, amma ɗaya bayan ɗaya, domin jaki, wato ɗan katakon da suke hawa, ba a manne yake da fata ba. In ya goce, danna gaɓa ta 12 a wuyan ka saurara: ya kamata ka ji sautin tsirkiyar na asali, sai dai da siririyar murya. Sauti ya haura, ja jakin baya kaɗan. Ya gaza, matso da shi wajen wuya.

Sauran aikin na hannun dama ne. A jazz bugu huɗu ake yi daidai wa daida kan dukkan tsirkiyoyin, hagu na saki bayan kowane duka don sautin ya yanke. Rashin sakin nan ke mai da kiɗa hayaniya. A kiɗan Ailan tsirkiya ɗaya ake bi. Salon jig, ɗaya daga kiɗan rawarsu, bugu shida ne: ƙasa, sama, ƙasa, sannan ƙasa, sama, ƙasa. Wuyan hannu ke motsi, ba gwiwar hannu ba, kuma robar kaɗawa ta milimita 0.60 ta isa.

In ɗauri ɗaya za ka riƙe, ni dai G-D-A-E nake ba ka shawara. Jazz zai fito da kaurin murya, amma zai fito. A ɗaurin C kuwa, kiɗan Ailan na D da ka danna yadda ka saba zai koma G, ka saɓa da masu goge.

Bluegrass kam, wani kiɗan Amurka, a salon makaɗin banjo Earl Scruggs, sai ka nemi mai tsirkiya biyar.

Wassalam.