Labarin Kwalli da teburin shinkafa da wake

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum ƙawata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhajinki da yara duka. Ya zafin Kano? Mu nan ruwa muke sha ba dare ba rana, shanya sai ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Kin ce duk saƙon muryar da na turo miki a WhatsApp sai kin ji yara suna ihun "sauka! sauka!" a bayana, har kina zargin jika na samu na ɓoye miki. To ba jika ba ce, mage ce. Labarinta ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Da ruwan watan Yuni ya cika kwatar bayan gidanmu, sai ɓeraye suka kwaso kayansu suka tare a sitona. Sun huda buhun shinkafa, sun shiga wake, har karan dafin da nake rina abincin da shi ba su bari ba. Guba kuwa ba zan zuba ta a gidan da ake dafa abincin sayarwa ba, ga 'ya'yan 'yan haya masu rarrafe a tsakar gida. Sai matar da nake sarin shinkafa a wurinta a kasuwar Asawase ta ba ni ɗaya cikin 'ya'yan magenta, 'yar wata huɗu, ruwan toka, da baƙin zane a gefen ido. Yara suka sa mata Kwalli. Da farko ƙarƙashin gadon Inna ta shige, ba ta fitowa sai gida ya yi tsit. Da ta saki jiki kuma, wurin da ta fara zaɓa duk faɗin gidan shi ne teburin da nake jera kayan sana'ata.

Kin san teburin, ai kin sha yanka mini albasa a kansa kafin a kai ki. Nan nake ajiye soyayyen kifi, ganda, dafaffen ƙwai, taliya da robar shito, soyayyen yajin nan namu na Ghana, kafin a ɗauka a kai bakin titi. Abincin nawa ba garau-garau ɗinku na Kano ba ne da mai da yaji ke raba gardama. Waakye, wato shinkafa da waken Kumasi, idan babu kayan haɗi ba wanda zai tsaya. To ki ƙiyasta mai saye ya leƙo ya ga mage zaune a gefen tiren kifi tana lasar hannu. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Alabar. Ga kuma duba-gari, 'yan tankas, da ba sa sallama idan za su zo.

Nan fa gida ya rabu. Autana ya ce ruwa za a dinga watsa mata, ya kuma fara. Inna ta ce tsintsiya. Wani ɗan haya ya ce a ba shi ita kawai, ya san inda ake sayen Joseph da daraja, kin dai tuna sunan da ake kiran naman mage a wasu wuraren shan romo na ƙasar nan. Na ce masa in ta ɓace ko da kwana ɗaya ne, ƙofarsa zan fara bugawa.

Wanda ya warware mini zaren shi ne yaron nan na ɗakin bakin ƙofa, wanda kika bari yana firamare. Yanzu yana karatun likitan dabbobi a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi. Ya zauna a kan benci yana kallonta ya ce, "Mama, ba rashin kunya take yi ba." Ya ce mage halitta ce da ke samun natsuwa idan tana sama, inda za ta ga kowa kafin kowa ya iso gare ta, balle baƙuwa a gidan da ke cike da ƙafafu da bokitai da yara masu jan wutsiya. Tana iya tsallen da ya ninka tsayinta kamar sau 5, don haka tebur ba wani abu ba ne a wurinta. Sannan lokacin da ta fi kuzari da neman abinci shi ne gefen asuba da gefen magariba, wato daidai lokacin da nake suyar kifi, da lokacin da ake zuba tuwon dare. Duka da watsa ruwa kuwa, ya ce abin da take koya daga ciki shi ne wane ne mugu a gidan. Teburin ba ya fita daga ranta, sai dai ta jira a juya baya. Na ga gaskiyar wannan da idona, domin har yau idan autana ya shigo sai ta bar masa tsakar gida, alhali a lokacin da yake jiƙa ta ɗin ne sawunta ya fi yawa a kan ledar teburin da safe.

Abin da muka fara yi, mun ba ta nata wurin. Na kira kafinta ya buga ɗan katako a bango kusa da tagar kicin, ya ɗara teburin tsawo, na shimfiɗa tsohon ɗankwalina a kai saboda ta saba da ƙanshina. Daga can tana ganin tukunya, tana ganin ƙofar gida, tana ganin ƙadangarun kan katanga. Duk sanda ta hau da kanta sai na miƙa mata ɗan ɓallin busasshen kifin amane a nan take. Yaron ya jaddada mini wannan nan take ɗin, ya ce idan aka wuce daƙiƙa 1 ko 2 ba za ta haɗa ladan da aikin ba, za ta ɗauka kyauta ce kawai ta faɗo. Saboda haka yanzu ƙullin kifi nake yawo da shi a bakin zane inda mutane ke ƙulle canji. Idan kuma ta hau tebur, ba tsawa, ba kallon ido, ba surutu. A ɗauke ta a sauke ƙasa, a ci gaba da aiki. Wai ko faɗan ma wani irin kulawa ne a wurinta, ƙaramar mage mai son wasa ba ta ƙi a bi ta da gudu ba.

Na kuma sauya lokacin cin abincinta. Kafin na ɗora mai a wuta, ita nake fara sallama. Mage ba ta cin ciki ɗaya ta wuni irin na kare, kaɗan-kaɗan take ci sau da yawa, don haka na raba mata kasonta. Da yamma yara su ɗaura gashin kaza a zare su ja mata har ta gaji. Mage mai ƙoshi da gajiya barci take nema, dama suna iya kwashe awa 12 zuwa 16 a rana suna barci.

Shi teburin kansa mun ɓata masa daɗi. Idan na gama aiki na kwashe komai, sai a shimfiɗa kwali da aka manna wa salatif, gefen danƙon yana sama. Ta taka ta ji tafinta na mannewa, ta yi ta karkaɗe ƙafa, ta sauka ba wanda ya taɓa ta. Amfaninsa ke nan: yana aiki ko muna barci, kuma ba ta ɗora laifin a kan kowa. Ɓawon lemu ma mun gwada, an ce ba sa son warinsa; Kwalli dai ta ture shi ƙasa ta yi ƙwallo da shi. Wata maƙwabciya ta ce na barbaɗa garin barkono, na ƙi. Zai shiga ido da hanci, kuma duk abin da ya taɓa jikin mage ƙarshensa cikinta ne, tunda da harshe take wanka.

Amma ƙawata, duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar ba a magen take ba, a mutanen gidan take. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ni na rufe kifina a kwano mai murfi, na ɗora turmin daka yaji a kai, sai wata ta bar kan kifi a faranti ta tafi amsa waya. Yaron Tek ya ce samun sa'a jefi-jefi ya fi samun kullum ƙarfafa ɗabi'a. Da ya faɗa sai na tuna masu layi a kiyos ɗin loto na bakin tasha: mutum ya yi shekara yana faɗuwa, ranar da lamba biyu suka fito masa shi ke nan an saye shi har abada. Haka take. Kan kifi ɗaya ya isa ya rushe aikin mako guda.

Babban mai laifin kuwa Alhajina ne, wanda ranar da aka kawo ta ya ce ba ya son ganin gashi a kan dardumarsa. Yanzu idan yana cin tuwon zafi ita ce a gefensa, yana tsame mata nama daga miya yana miƙa mata daga kan ɗan teburinsa na falo. Da na yi magana sai ya jawo mini hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa, cewa mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, har ana alwala da ruwan da ta sha. Ya ƙara da na matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage ba ci ba sha. Na ce, Alhaji, duk na yarda, ban kulle ta ba, ban hana ta ci ba, ta fi ni ƙoshi ma. Amma ƙafar da ta tona yashin bayan gidanta ba za ta taka inda nake yanka ƙwan mutane ba. Akwai wata ƙwayar cuta, toksoplasma, da ke fita a kashin mage, tana da haɗari ga ɗan da ke ciki, ga shi amaryar ɗakin tsakiya tana da juna biyu. Ƙwayar sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kullum ake kwashe yashin a wanke hannu da sabulu, kuma na hana amaryar taɓa shi. Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, alamar ya ji amma bai sallama ba. Inda muka tsaya: zai ba ta, amma a cikin kwanonta, a ƙasa, bayan ya gama. Yana cika alkawarin idan ina wurin.

Miyar tasa ma akwai magana. Ashe albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage, ɗanye ko dafaffe, har ta koma fari fat a dadashi ta rasa ƙarfi. Ki duba shito, rabinsa albasa ce. Koobi kuma, busasshen kifin nan mai gishiri, gishirinsa ya yi mata yawa. Madarar gwangwani da Inna ke zuba mata don tausayi ita ke sa ta zawo, yawancinsu idan sun girma cikinsu ba ya narkar da madara. Wanda ya fi tsorata ni shi ne parasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, mu kuwa kin san halinmu, ko akuya ce ta yi laushi sai a ɓalla mata. Dettol ma ba na goge teburin da shi yanzu saboda yana cutar da su, ruwan zafi da sabulu nake sawa. Idan za a fesa maganin sauro, sai an fitar da ita ɗakin ya sha iska tukuna. Na faɗa miki waɗannan ne musamman saboda na ga mage a hoton da 'yarki ta ɗora ranar suna, ban sani ba ko taku ce ko ta maƙwabta.

An yi mata allurar ciwon haukan kare a ofishin likitocin dabbobi na gwamnati, tun daga wata 3 ake fara yi, an kuma ba ta maganin tsutsar ciki. Saura aikin hana haihuwa. Tun tana wata 4 ko 5 mage kan iya ɗaukar ciki, cikin nata kuma wata 2 ne da 'yan kwanaki, ga wani jan muzuru mai yagaggen kunne ya fara zarya a kan kwanon rufinmu. Inna ta ce haramun ne, Alhaji ya ce zai tambayi malaminsa, ni kuma ina tara kuɗin a asusu.

Yanzu dai da asuba tana kan katakonta har na gama suya, sai ɗan kuka idan ƙanshi ya kai mata karo. Ba zan rantse miki cewa ba ta hawa da dare ba, amma babu abin da za ta samu, kuma safiya na yi ake wanke teburin. Ɓerayen sito sun ragu sosai. Kama ɗaya tak na gani da idona, shi ma a kan takalmin Inna ta ajiye shi, aka yi ta salati.

Akwai masu motar goro da za su tashi zuwa Kano bayan Juma'a. Zan ba su kwalbar shito da garin rogo mai tsami su kawo miki, ki tura yaro ya karɓa idan na turo miki lambar direban. Inna ta ce a saka mata kuka da daddawa a dawowarsu, ta kalwa take so, ba ta waken suya ba. Ki gaishe mini da Alhaji da Hajiya babba, ki shafa mini kan yara. Ki kuma faɗa mini gaskiya ko da Babbar Sallah za ki zo, don na san yawan katifar da zan aro.

Taki har kullum,
ƙawarki ta Aboabo