Kafin a bar manhaja ta riƙa danna mana madannai da linzamin kwamfuta

Assalamu alaikum, Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da matasanmu masu aiki a shagunan kwamfuta da ofisoshin makarantu, waɗanda kullum aikinsu shi ne shigar da sunaye da makin jarrabawa da lambobin waya, layi bayan layi. Da yawansu sun gano cewa ana iya rubuta 'yar manhaja da kayan aiki irin su AutoHotkey ko PyAutoGUI na yaren Python ta riƙa danna madannai da motsa linzami da kanta, a gama aikin yini guda kafin azahar. Gaskiya ne, kuma ba na hana kowa. Abin da ya dame ni shi ne ana koyar da yadda ake kunna abin, ba a koyar da yadda yake ɓata aiki a ɓoye. Bayanan da ake ɓatawa kuwa na 'ya'yan mutane ne.

A Windows, ƙofar da aka tanada domin wannan aiki ita ce SendInput, umarnin da manhaja ke kira ta tura dannawa, wadda ta maye gurbin tsofaffin keybd_event da mouse_event. Abin da take yi kawai shi ne ta zuba dannawarka cikin layin da dannawar madannai na gaske ke bi. Ba ta da adireshi. Duk tagar manhajar da ke gaba a kan allo a daidai wannan lokaci, ita za ta karɓa. Wato 'yar manhajar nan makauniya ce: tana rubutu, amma ba ta san a kan wace takarda take yi ba. Idan saƙon sabunta Windows ya faɗo gaba, ko wani ya taɓa linzami ya buɗe WhatsApp, to can makin ɗalibai zai shiga, har da Enter ɗin da zai tura shi.

Saboda haka kafin kowane layi, ba sau ɗaya tak a farkon aiki ba, sai a tabbatar tagar da ake nufi ce a gaba. A AutoHotkey akwai WinWaitActive, mai jiran taga ta zo gaba, a ba ta iyakar lokaci kamar daƙiƙa 5, in tagar ba ta zo ba manhajar ta tsaya cak. Kada a dogara da SetForegroundWindow, umarnin jawo taga gaba, shi kaɗai, domin Windows ba ta barin kowace manhaja ta ƙwace gaba yadda ta ga dama. Sau da yawa sai dai alamar tagar ta riƙa walƙiya a ƙasan allo, ita kuwa 'yar manhajar ta ci gaba da bugu a inda bai dace ba.

Babbar ɓarna tana zuwa ne daga jira. Yawancin masu koyo sukan rubuta: buga suna, danna Tab, buga maki, danna Enter, jira daƙiƙa 2, koma na gaba. Da safe da intanet ke da ƙarfi, daƙiƙa 2 ta isa. Da rana ta yi, shafin ya ɗauki daƙiƙa 6 kafin ya buɗe, sunan ɗalibi na gaba ya tafi a iska, makinsa ya faɗa gidan suna, daga nan kowane layi ya goce. Manhajar ba za ta yi kuka ba, a wurinta aiki na tafiya daidai. Sai ranar da uba ya zo da takardar sakamako yana tambayar yadda ɗansa mai ƙoƙari a lissafi ya sami 12. Maganin shi ne a jira alama, kada a jira agogo: sunan taga ya canza, ko wani maɓalli ya bayyana, ko gidan rubutu ya koma fanko. Bayan an buga kuma a karanta abin da ya shiga. Hanya mai sauƙi ita ce a danna Ctrl da A, sannan Ctrl da C, a gwada abin da aka kwafo da abin da aka yi niyyar bugawa. In sun saba, a tsaya. A kuma riƙa rubuta lambar kowane layin da aka gama a wani fayil daban, domin in wuta ta ɗauke a layi na 214, a san daga ina za a ɗora, kada a shigar da mutum sau biyu.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ. Umarnin write na PyAutoGUI yana buga haruffan da ya sani ne kawai, wanda bai sani ba sai ya tsallake shi shiru, ba gargaɗi ba komai. Ka ba shi Ɗanladi ya rubuta anladi, ka ba shi Ƙofar Mata ya rubuta ofar Mata, Baƙo ya koma Bao. Alamar naira ma haka take ɓacewa. Wanda bai duba ba, sai ya ɓata rajistar makaranta guda cikin rabin sa'a.

Mai amfani da SendInput kai tsaye yana da mafita mai tsafta. A sa tutar KEYEVENTF_UNICODE, wato alamar da ke nuna harafi ake turawa ba maɓalli ba, a bar gurbin lambar maɓalli, wato wVk, a kan sifili, a zuba lambar harafin a cikin gurbin wScan: 0199 ga ƙ, 0257 ga ɗ, 0253 ga ɓ, manyansu kuma 0198 da 018A da 0181, duk a lissafin heks, wato mai tushe 16. 'Yan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ, tasu lambar 01B4 ce. Kowane harafi sai an tura shi sau biyu, dannawa da sakewa, na biyun da ƙarin tutar KEYEVENTF_KEYUP. A AutoHotkey kuwa SendText ya wadatar. Masu PyAutoGUI su kwafe kalmar da pyperclip, kayan aikin kwafe rubutu na Python, su liƙa da Ctrl da V. Sai dai a nan a yi hattara: idan an kunna tarihin abin da aka kwafa a Windows, wanda ake buɗewa da maɓallin Windows da V, to lambobin NIN da na waya da aka bi da su ta nan suna zaune a ciki, kuma a shagon kwamfuta mutum nawa ne ke zama a kujerar nan kafin dare? A kashe tarihin kafin a fara, a share abin da aka kwafa bayan an gama.

Na ce SendText, ban ce Send ba, kuma da dalili. A wurin Send, alamar + tana nufin riƙe Shift, ^ tana nufin Ctrl, ! tana nufin Alt, # kuma maɓallin Windows. Ka ba shi lambar waya mai farawa da +234, sai ya riƙe Shift ya danna 2, a madannai masu tsarin Amurka ka ga @34. Adireshin gida mai alamar # ya fi wannan muni, domin zai iya buɗe wani abu daban ya janye tagar gaba ɗaya.

Tsarin madannai ma tarko ne ga duk wanda ya rubuta manhaja a Kano ya aika wa abokinsa a Maraɗi ko Damagaram. A Nijar an fi samun tsarin Faransa, wato AZERTY. Maɓallin da ke ba da Q a tsarin Ingilishi, A yake bayarwa a can, kuma lambobin layin sama sai an riƙe Shift. Manhajar da ke tura lambar maɓalli maimakon harafi, in ta so rubuta 2025, abin da zai fito shi ne éàé(. Don haka duk abin da yake rubutu ne, a tura shi a matsayin harafi. A bar lambar maɓalli ga irin su Tab da Enter da kibiyoyi. Caps Lock ma a duba shi tun farko. Haka in mutum yana riƙe da Ctrl lokacin da manhajar ta fara, SendInput ba ta sake masa shi, sai haruffan su zama umarni: harafin w kaɗai ya isa ya rufe shafin burauza. A jira ya saki maɓallin, ana iya dubawa da GetAsyncKeyState.

Masu rubutu da C ko ctypes na Python, ga wani abu da ke cinye wa mutane dare. Sai an gaya wa SendInput girman tsarin INPUT, wato ƙunshin bayanan dannawar da ake miƙa mata, daidai: bayit 28 a manhaja mai bit 32, bayit 40 a mai bit 64. In an kuskure, sai ta mayar da sifili, ba abin da zai motsa. Kuskuren yakan zo ne idan an bayyana ɓangaren madannai kaɗai aka bar na linzami, alhali na linzamin ne ya fi girma, shi ke yanke girman tsarin duka.

Linzami nasa lissafin daban ne. Idan an sa tutar MOUSEEVENTF_ABSOLUTE, ba fikzel ake bayarwa ba, wato ƙananan ɗigogin allo. An raba faɗin allo da tsawonsa daga 0 zuwa 65535. A allo mai 1366 da 768, tsakiya ita ce 683 da 384. Ka tura waɗannan lambobi yadda suke, sai kibiyar ta tsaya a kusurwar hagu ta sama, kimanin fikzel 14 daga gefe. Sai an ninka kowace lamba da 65535, an raba ta farko da faɗin allo, ta biyu da tsawonsa. Mai allo biyu ya ƙara tutar MOUSEEVENTF_VIRTUALDESK. Ko an yi lissafin daidai ma, wurin da aka auna a wata kwamfuta ba lallai ya yi aiki a wata ba: laftof mai 1920 da 1080 da aka ƙara girman rubutunta zuwa kashi 150 cikin ɗari, manhajar da ba ta san da haka ba tana ganinta a matsayin 1280 da 720. Shawarata ita ce a guji linzami duk inda Tab da Enter da kibiyoyi za su kai mutum.

Wani lokaci komai daidai ne amma tagar ba ta amsawa. Tun daga Windows Vista, manhaja mai ƙaramin izini ba ta iya tura dannawa ga wadda aka buɗe da izinin mai kula da kwamfuta, kuma takardun Microsoft da kansu sun faɗa cewa SendInput ba za ta nuna maka wannan ne dalili ba. Tagar neman izini da ke dusashe allo, da Ctrl da Alt da Del, da allon da aka kulle, duk an katange su da gangan, kuma daidai ne da aka yi hakan. Wanda ya bar aiki yana gudana ya tafi masallaci, kwamfuta ta kulle kanta bayan minti 10, zai dawo ya tarar aikin ya tsaya ko ya tafi a banza. A Linux, xdotool mai tura dannawa na aiki ne da X11, tsohon tsarin nuna tagogi. Inda ake amfani da sabon tsarin, wato Wayland, kamar yadda Ubuntu 22.04 ke zuwa da shi, ba ya isa ga yawancin tagogi, sai a koma ga ydotool mai bi ta /dev/uinput, shi ma sai an ba shi izini. A Mac sai an shiga saitin sirri da tsaro an ba Terminal, ko duk abin da ke gudanar da kod ɗin, izinin sarrafa kwamfuta.

Kada a kunna irin wannan manhaja ba birki. PyAutoGUI yana da nasa: ka ja linzami zuwa kusurwar allo, sai ya tsaya. Akwai masu kashe wannan saboda ya katse musu aiki. Ina roƙonsu su bar shi. A AutoHotkey layi ɗaya ya isa a ɗaure Esc da ExitApp, umarnin rufe manhajar. Gwajin farko kuma a yi shi a Notepad da layi 5, a karanta da ido harafi-harafi, kafin a kusanci rajistar gaske.

Duk da wannan dogon bayani, ra'ayina shi ne kwaikwayon dannawa ya zama zaɓi na ƙarshe. In Excel ake cikawa, openpyxl na rubuta fayil ɗin kai tsaye ba tare da an danna komai ba. In shafin intanet ne, Selenium da Playwright suna neman gidan rubutu da sunansa, su jira ya bayyana kafin su cika. In manhajar Windows ce, pywinauto na bi ta UI Automation, hanyar da manhajojin karanta wa makafi allo ke bi, ya kama maɓalli da sunansa ko da an matsar da tagar. Kafin duk wannan ma a duba ko manhajar tana karɓar fayil ɗin CSV, wato jerin bayanai da ake iya fitarwa daga Excel. Da yawa suna karɓa, ba a dai bincika ba ne.

Sai kuma batun amana. Shafin hukuma ko na banki da ya hana amfani da manhaja mai cika fom da kanta, a mutunta dokarsa, domin in an rufe asusu, abokin ciniki ne zai sha wahala. Masu shaguna kuma su sani akwai 'yan na'urori masu kama da filas da ke gabatar da kansu ga kwamfuta a matsayin madannai, su buga umarni cikin 'yan daƙiƙu. Kwamfuta ba ta tambayar madannai izini, saboda haka kada a bar baƙo ya soka abin da ba a sani ba a na'urar da ke ɗauke da bayanan jama'a.

Ina roƙonka, Malam Edita, ka isar da wannan ga cibiyoyin koyar da kwamfuta da ke karanta jaridar nan: duk ɗalibin da aka koya wa tura dannawa, a sa shi ya gwada da suna mai ƙ da ɗ da ɓ, da lambar waya mai +, da intanet mai jan ƙafa, kafin a ce ya iya.

Na gode. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naka,
Wani mai koyar da rubuta manhaja,
Zariya.