Rahoton Ayyukan Shekara Na Ƙungiyarmu Ta Masu Son Tarihin Jirgin Viola, Hull

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Ga rahoton bana nan, ya zo a makare na sani, dalili kuwa ina ta jiran wasu su turo kuɗin wata-wata ne don in rufe lissafi gaba ɗaya, da na ga jiran ba zai ƙare ba na ce bari kawai in rubuta abin da ke ƙasa.

Miti mun yi shi duk wata kamar yadda aka saba, banda na cikin azumi. Fuskokin da ke zuwa su ne dai waɗanda kuka sani.

Bari in fara da abin da ya faranta min rai, wato fitar da muka yi da yara lokacin hutun bazara zuwa Beverley da Whitby. Wallahi duk wanda bai je ba ya yi rashi. Mun fara tsayawa a Grovehill bakin kogin Hull, inda kamfanin Cook, Welton & Gemmell ya ƙera Viola a 1906, yaran suka tsaya suna kallon ruwan, ɗan siriri ga laka a gefe, wani yaro ya ja min riga ya ce "Kawu wai a nan aka yi jirgin? ai ba zai shiga ba." Sai Baba shugaba ya sa su suka auna ƙafa 108 a bakin hanya, tsawon jirgin kenan, sannan ya nuna musu da hannu yadda ake turo jirgi ta gefe ya faɗa ruwa saboda kogin ba shi da faɗin da za a sake shi a miƙe, daga nan a ja shi zuwa Hull a saka masa injin tururi. Nan na ba su labarin aikinsa na farko, cewa na kamfanin Hellyer ne, kuma jiragen kamfanin ayari guda suke fita Tekun Arewa su yi makonni ba su dawo gida ba, kullum a zuba kifi a akwatuna a loda a ƙaramin kwale-kwale a tuƙa da hannu cikin igiyar ruwa da sanyi a kai wa jirgi mai gudu da zai wuce da shi kasuwar Billingsgate a Landan. Wata Hajiya da iyayenta masunta ne a Yawuri ta yi shiru, can ta ce ita ta san abin da ake nufi da mutum ya fita ruwa a zauna ana jiran dawowarsa, ta fara ba yaran labarin kakanta da tarunsa, sai da direban bas ya yi mana hon sannan muka tashi.

A Whitby muka hau matakalan nan 199 har sama, dattawanmu suna hutawa a hanya, muka yi azahar a kan ciyawa iska na ɗaga darduma sai da aka danne da takalma. Daga can saman teku a shimfiɗe yake, nan na nuna musu na ce a ruwan nan ne ranar 13 ga Agusta 1918 Viola da wasu jirage suka nutsar da jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku mai suna UB-30, kuma a Satumbar wannan shekarar yana cikin waɗanda suka nutsar da UB-115 can gaba wajen Northumberland. Jirgin kamun kifi fa, da rundunar ruwan Ingila ta karɓe tun 1914 ta ɗora masa bindiga, masuntan cikinsa suka koma sintiri. Yaran da ba sa ɗaga kai daga waya ranar sai tambaya suke, ina jirgin yake yanzu, me ya sa ba a kawo shi ba. Allah ya saka wa matan da suka yi mana dambun shinkafa da zoɓo da alheri, da ɗan uwanmu da ya cika kuɗin bas daga aljihunsa bai so a faɗi sunansa ba.

To yanzu abin da ba a yi ba. Ɗan littafin tarihin jirgin da Hausa da muka yi alkawari bara bai fito ba, kuma na ji ana ƙorafi a guruf kamar an zauna ne an naɗe hannu. Ba haka ba ne. Mu huɗu aka ɗora wa aikin, mutum ɗaya ya gama karatu ya koma gida, ɗaya aikin dare ya riƙe shi, ɗayan kuma tun watan biyu bai ƙara amsa saƙo ba. Ni na rubuta tun daga ƙera jirgin har ƙarshen yaƙi. Rabin da ya rage shi ne mai wuya, yadda aka sayar da shi Norwe aka sa masa suna Kapduen, daga baya Dias, ya yi farautar manyan kifayen wel a gaɓar Afirka, sannan a 1927 wani kamfanin Ajantina ya kai shi Grytviken a tsibirin Jojiya ta Kudu yana farautar dabbar ruwan nan mai hanci kamar na giwa don kitsenta har 1964. Duk wannan sai an zauna an nemo kalmomin da yaro zai gane, ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma ko an gama da me za a buga shi?

Gudummawar da muka ce za mu tura wa masu ƙoƙarin ceto jirgin ita ma ba a tura ba, don abin da ke asusu bai kai abin da mutum zai miƙa da sunan ƙungiya ba. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin bana cikakke ba, akwai waɗanda ko na wata ɗaya ba su saka ba amma su ne na farko wajen tambayar ina aka kwana. Ni da ma'aji mun gaji da bin mutane, ka tura saƙo a karanta a yi shiru, ka kira a ce "insha Allahu ƙarshen wata," ƙarshen watan ya zo ya wuce. Na san rayuwa ta yi tsada a ƙasar nan, haya da wuta da gas duk muna ji a jikinmu, wanda ba shi da hali ya same ni a gefe ya faɗa min ba wanda zai ji, abin da ke ƙona min rai shi ne shirun.

Sai masu cewa me ya haɗa mu da jirgin Turawa da ke can ƙarshen duniya. A garin nan muke zaune, a nan ake haifar 'ya'yanmu, kuma kamun kifi ne ya gina garin, maƙwabtanmu da yawa kakanninsu a teku suka ƙare. Viola shi ne jirgin jan taru mai tururi mafi tsufa da ya rage a duniya. Ya taɓa nutsewa a inda aka ɗaure shi saboda nauyin dusar ƙanƙara, a 2004 aka tsamo shi aka jingine a bakin gaɓar Grytviken kusa da wani tsohon jirgi mai suna Albatros, har yau yana nan tsatsa na cinsa kusan mil 8,000 daga nan. Ƙararrawarsa kaɗai ta dawo Hull, ita ma a wata gona a Norwe aka gano ta. Ba mu ne za mu ɗauko shi ba, wannan aikin manyan kuɗi ne, amma littafi ɗaya da Hausa da ɗan abin da za mu miƙa bai fi ƙarfinmu ba.

Miti na gaba za a yi zaɓen sabbin shugabanni, kuma ina roƙon a samu wanda zai karɓi aikin karɓar kuɗi daga hannuna don in samu in ƙarasa littafin. Ina kuma neman mutum biyu da za su zauna da ni Asabar biyu kacal a kan rabin da ya rage. Masu bashi don Allah ku biya kafin ranar, ma'aji zai zo da littafin rasit.

Wassalam,
Sakatare