Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garinmu kan ruwa da makewayi a kasuwar mako

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni mai sayar da man gyaɗa ce da ƙuliƙuli, a rumfar da na gada daga uwata. Duk ranar kasuwa, kafin in yi cinikin fari, mai tikiti ya tsaya a kaina. Ina biya, ban taɓa gardama ba. Tambayata ɗaya ce: ina kuɗin yake shiga?

Ka san yadda kasuwar nan take cika. Tun da sassafe amalanken shanu ke shigowa da hatsi da wake, ana awo da tiya. Buzaye na sauke kanwa da gishirin Bilma, Fulani mata na jere da ƙoren nono, ga tattasan Diffa, ga rake daga wajen Matamaye. 'Yan Maigatari da Daura na zuwa kara sayen awaki, ana ta lissafin naira da sefa. Ba mu kai kasuwar Dole ta Damagaram ba, ba mu kai ta Lahadi a Mirriya ba, amma jama'ar ƙauyukan kewaye da ita suke cin mako.

Duk wannan taro, babu famfo ko ɗaya. Bidon ruwa a hannun 'yan ga-ruwa ranar kasuwa kuɗinsa ninkawa yake, musamman da bazara. Na ga dattijo ya yi taimama lokacin azahar, buta a gefensa babu ko ɗigo. Makewayi kuwa, sai dai a yi shiru. Namiji ya zagaya bayan kara, ya wuce. Mu mata fa? Ni da maƙwabciyata mai daddawa mun daina shan ruwa tun hantsi, don kar buƙata ta taso. Mace mai ciki haka za ta wuni har la'asar, ko ta bi gidajen mutane tana sallama, wani gidan a ba ta, wani a haɗe rai.

Batun laka da damina na bar shi sai wani jiƙon.

Abin da muke roƙo: famfo guda kusa da mahauta, da makewayi biyu, na mata daban. In an ce a ƙara dala biyar, wato sefa ashirin da biyar, kan tikiti don mai kula da su, za mu biya. Sarkin kasuwa ya san filin da ya dace, tun bara ya nuna mana shi.

Ranka ya daɗe, ka shigo ranar kasuwa mai zuwa wajen ƙarfe biyu, ba da jiniya ba. Rumfata ce ta uku daga bakin kwalta.

Taka mai biyayya,
wata 'yar kasuwa daga jihar Damagaram