Garuruwan Amurka na takarar samun kulob, ina attajiran Maradi?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin attajiranmu da hukumomin wasanni kan yadda garuruwan Amurka ke takarar samun gurbi a babbar gasar ƙwallon ƙafarsu ta MLS, saboda akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Gasar ta fara ne a 1996 da ƙungiyoyi 10, kuma a 2025 San Diego ta zama ta 30. A can ƙungiya ba ta hawa rukuni ko faɗowa kamar yadda muka saba. Gari ne ke neman a ba shi gurbi, sai ya gamsar da shugabannin gasar cewa yana da mai zuba jari, da filin wasa, da jama'ar da za su riƙa sayen tikiti. Kuɗin shiga kuwa kullum hawa suke yi: Toronto ta biya dala miliyan 10 ta shiga a 2007, Charlotte ta biya miliyan 325, San Diego kuma miliyan 500.

Ba na fatan a fara sayar da gurbi a gasarmu ta Nijar, domin ƙungiyar da ta ci wasanninta ita ta cancanci hawa. Shirin da garuruwan ke yi ne ya burge ni. A 2017 mutanen St. Louis suka ƙi amincewa a ɗebi kuɗin jama'a a gina filin wasa, amma maganar ba ta mutu ba, sai wasu attajiran garin suka haɗa kai suka gina shi da aljihunsu, ƙungiyar ta fara wasa a 2023. Sacramento kuwa an ba ta gurbi a 2019, ga magoya baya birjik, amma da babban mai kuɗin, Ron Burkle, ya janye a 2021, sai komai ya wargaje. Wanda ya san tarihin ƙungiyoyinmu na jihohi ya san wannan ciwon: kulob ya rataya a wuyan alhaji guda, ranar da ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, 'yan wasa su watse.

Maradi ce cibiyar kasuwancin ƙasar nan, amma manyan ƙungiyoyin gasarmu, irin su AS FAN da AS Douanes da Sahel SC, a Yamai suke, kuma kofi can yake yawan kwana. Ba sha'awa muka rasa ba. Duk wanda ya leƙa gidan kallo a daren da Real Madrid ke karawa da Barcelona zai tarar da matasa cike maƙil a kan benci, wasu a tsaye a bakin ƙofa, kowa ya biya kuɗinsa ba tare da an roƙe shi ba. Da yamma kuma yara ne ke buga tamola ba takalmi a kowane fegi, duwatsu biyu ne ragarsu.

Roƙona shi ne 'yan kasuwa goma ko ashirin su zauna su haɗa jari a bayan ƙungiya guda mai ɗauke da sunan garin, kamar Dan Kassawa, bisa yarjejeniya a rubuce ta shekaru da yawa, yadda ficewar mutum ɗaya ba za ta rusa ta ba. A buɗe rajistar magoya baya masu biyan kuɗin shekara, a riƙa karanta musu lissafi a fili. Ma'aikatar magajin gari kuma ta kula da gyaran filin wasa, ta kare filayen unguwanni daga masu yanka su fuloti.

Na gode.

Wani mai kishin ƙwallon ƙafa,
Unguwar Zariya, Maradi